Katin Koma Gida

Ni mai walda ne. Na daɗe a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a unguwar Gubaira ta birnin Riyad, ina haɗa ƙyamare da tagogi da matakalar bene. Ban yi makaranta ba. Ɗan karatun da na iya a bakin aiki na tsince shi, Larabcina kuma na warsha ne: kawo, yanke, ɗaga, gobe. Kafin in samu iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, na kwana a kango, na kwana a tsare, na wanke gawar abokin aiki da ƙarfe ya faɗo wa. Ba kasafai abu ke ba ni mamaki ba. Wanda ya ba ni mamakin, kati ne na kwali, bai kai tafin hannu ba.

'Yata ɗaya. A nan Riyad aka haife ta. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka Uwata nake ce mata. Larabci ya fi zama a bakinta. Hausarta tana fitowa a karkace, kamar ƙarfen da ya sha wuta. In ta manta sai ta ce mini Yuba irin na yaran garin nan, in tana son abu sai ta tuna da Baba.

A shekararta ta ƙarshe a sakandare ta zo da Baba. Wai akwai ajin da ake yi ranar Asabar a wata cibiya a Nasiriya, tana so ta shiga. Na tambayi ajin mene ne. Ta ce na ƙera wasa. Na ɗauka ban ji daidai ba. Mu da muka taso muna tona ramukan dara da yatsa a gindin bishiya, ban san akwai malamar da za ta tsaya gaban mutane ta koya musu yin wasa ba. Na ce in da ɗan ludo a ciki ba da ni ba, ba na son abin da ya yi kama da caca a gidana. Ta ce za ta yi da kibiya mai juyawa, in zan haɗa mata.

Na haɗa. Na yanka mata falankin katako, na goge bakinsa, na ba ta notuna daga gwangwanin warsha su zama 'ya'yan wasa. Abokin aikina, wani Badamagare, ya ganni ina goge noti da tsumma, ya ce ashe Bakano in ya tsufa kayan wasan yara yake komawa sayarwa. Na ce masa ya riƙe bakin ƙarfen ya bar nawa bakin.

A lokacin na riga na yanke shawara. Idona ya fara tafiya. Wutar walda ta ci rabonta, da yamma fitilun titi biyu-biyu nake ganinsu. Na gina gida a garinmu a ƙasar Kano. Ƙyauren da hannuna na haɗa shi wani zuwa hutu da na yi, na shafa masa shuɗin fenti, na sa taurari biyu a sama. Ita ba ta taɓa zuwa ba, hutuna kullum cikin karatunta yake faɗowa. A waya take ganin gidan, duk Juma'a bayan mun ci abinci. Na gaya wa kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, in ta gama jarrabawa kada ya sabunta mini iƙama, ya buga mana huruj niha'i, fitar da babu dawowa. Uwarta ta sani. Ita 'yar ma na faɗa a gabanta, a kan tabarmar cin abinci. Ta ce to. Na ɗauki to ɗin a matsayin to.

Wata Asabar aka ce iyaye da 'yan'uwa su zo a gwada wasannin. Na wanke hannu har ya yi ja, baƙin bai fita ba, na tafi haka.

Malamar Balarabiya ce, ba ta girmi 'yata da yawa ba. Ta kafa doka ɗaya: wadda ta ƙera wasa ba ta magana. Za ta zauna gefe, ta kalli mutane suna yi, ta lura da inda suka rikice. Ko ta ga ana karya mata ƙa'ida, ta haɗiye. Wai in sai ka yi bayani da baki, wasan bai gama haɗuwa ba. Wannan na gane shi. Ƙyauren da sai maƙerinsa ya zo zai buɗu, ba ƙyaure ba ne.

Mu uku ne a teburinta: ni, da wani Basudane mai ƙiba, uban wata ɗaliba, da wani saurayi Balarabe, yayan wata. Basudanen ya ɗauki takardar ƙa'ida ya karanta da gudu. Na kama rabi. Ban ce ya maimaita ba.

Riyad ta zana a kan katakon. Ga Gubaira, ga Shifa inda muke zaune, ga Nasiriya, hanya ta bi ta cikinsu. Ka juya kibiya, ka matsa da notinka, ka ɗauki kati. Kowane kati da hoto da rubutu. Basudanen ya ɗauki wanda ya ce kafilinka ya yi tafiya, wayarsa a kashe, ka zauna zagaye ɗaya ba motsi. Ya yi dariya har ya bugi tebur, ya rantse nasa kafilin aka zana, har gemun. Saurayin ya ɗauki wanda aka tare shi a hanya ya manta iƙama a wani wando. Sai da Basudanen ya yi masa bayanin abin da ke faruwa da mutum a irin wannan rana. Bai taɓa sani ba.

Ni ina wasa ina mamakin yarinyar. Ban san tana ganin waɗannan abubuwa ba. Ban taɓa kawo su gida ba. Na kuma lura hanyar ba ta da ƙarshe, zagayawa kawai take yi. Na ce a raina ta manta, zan gaya wa malamar in an tambaye ni.

Sai na ɗauki wani kati, na ga ƙyaurena.

Shuɗi, da katangar, da bishiyar darbejiya ta gefe. A ƙasa ta rubuta da Larabci, ta kuma rubuta da boko yadda zan iya karantawa: koma gida.

Na ce alhamdu lillahi. Na ɗauke notina daga katakon, na miƙe, na ba Basudanen hannu. Na ga dalilin da hanyar ba ta da ƙarshe: ƙarshen a cikin kati ta ɓoye shi. Har na ji daɗin dabarar.

Ya kama hannuna da hannu biyu, irin kamun da ake yi a gidan rasuwa.

"Ma'alesh, ya hajji," in ji shi. "Kai ka fara fita."

Na ce haƙurin me yake ba ni, ai na ci. Saurayin ya jawo takardar ya sa yatsa a wani layi, ya karanta a hankali. Wanda ya ɗauki wannan kati ya faɗi. Wanda ya fi kowa daɗewa a kan katakon shi ya ci. Na ce bai karanta daidai ba. Ya sake karantawa.

"Wannan gidana ne," na ce. "Ni na haɗa ƙyauren."

Na juya na dubi 'yata. Tana zaune a kujerarta, biro a hannu, idonta a kan hannuna mai riƙe da katin. An ce kada ta yi magana, ba ta yi ba. Na tsaya a tsaye kamar wanda aka manta a tasha. Na sha mari a ƙasar nan daga mutanen da ban isa in rama ba, ba wanda ya kai wannan zafi.

Malamar ta zo. Da ta ji abin da ya faru, sai na ga fuskarta ta washe. Ta kira sauran 'yan ajin. Ta ce wannan shi ne amfanin gwaji: mai wasa ya yi murna da katin da ya kashe shi, ke nan wasan bai gaya masa abin da yake nema ba. Ta ba 'yata izinin magana, ta tambaye ta me ya sa ta zaɓi wannan hoto. Ta amsa da Larabci, a hankali, cewa shi kaɗai ne gidan da ta sani a can. Ina jin a nan malamar ta gane gidanmu ne. Ta juyo ta ce mini, Ammu, wato kawu, me ka ji da kana wasan? Na ce ba komai. Ta ba kowa mako guda ya gyara nasa.

A motar warsha muka koma, bayan la'asar. Katakon yana kan cinyarta. Mun wuce rabin hanya kafin in buɗe baki.

"Uwata. Gida shi ne faɗuwa?"

"Gidanka ne, Baba. Ni hoto ne."

Ta so ta ce a wurinta hoto ne. Ban gyara mata ba.

"Kin ce to."

"Ba ka tambaya ba, Yuba. Ka faɗa."

Makon nan ban yi mata maganar ba. Na yi aiki. Na ƙona yatsa a wurin da ban taɓa ƙonewa ba tun ina koyo. Badamagaren ya fara tsokana, ya kalli fuskata, ya bari.

Ranar Juma'a bayan abinci ban ciro waya ba. Ita ta ɗauko katakon ta ajiye a tsakiyar tabarma, ta ce ta gyara, tana son a gwada kafin gobe. Na ɗauka ta cire katin, ko ta canza hoton. Katin yana nan, hoton yadda yake. Abin da ta canza notunan ne. Yanzu biyu-biyu suke, babba da ƙarami, ta ɗaure su da baƙin zare. Mutum biyu ke riƙe da su. Mai babban ne kaɗai ke juya kibiya. Mai ƙaramin yana bin sa duk inda ya je, yana tara nasa katunan a hanya: makaranta, ƙawaye, shagon da suke sayen shawarma, ajin Asabar.

Na riƙe babba, ta riƙe ƙarami. Uwarta ta riƙe ɗaya biyun ita kaɗai, tana mita wai an hana ta kishingiɗa. Muka zagaya Riyad. Katunan 'yata suka taru a gabanta, tana jera su kamar mai shanya. Sai ƙyauren ya fito a hannuna. Ina zaton ita ta sa shi kusa da sama. Ban tambaya ba.

Ta ce in karanta, ta sake rubutun. Na karanta da ƙyar. Babba ya ci. Ƙarami ya faɗi.

Na ce wane irin wasa ne abu ɗaya ya ci kuma ya faɗi. Ta tattara katunanta, tana mayar da su cikin kwali ɗaya bayan ɗaya, haka ƙa'idar ta ce. Makaranta ta shiga. Ƙawaye suka shiga. Na ɗaga notina daga katakon, ƙaramin ya biyo shi yana lilo a zare.

"Kawo almakashi," na ce.

"Ba a yankewa. Ƙaramin ba shi da iƙamar kansa."

Gaskiya ne. Tata a ƙarƙashin tawa take rataye. Ranar da aka buga mini fita, an buga mata. Na san wannan tun ranar da aka haife ta, amma ban taɓa ganinsa yana lilo a hannuna ba. Uwarta ta ce kwanuka na jiranta, ta tashi ta shiga kicin. Ban ji ƙarar ruwa ba.

Ranar Lahadi na je wurin kafilina na ce ya sabunta. Ya ɗauka wasa nake. Ya ce ai kai ka ce idonka. Na ce idon nawa ne. Ya dube ni, ya ce shekara ɗaya. Na ce na ji.

Na sa gilashi mafi duhu a hular walda, ƙananan ɗinkin ƙarfe na bar wa Badamagaren. Ya karɓa. Na kira ƙanena na ce ya rufe ɗakunan, ya riƙa ɗiga mai a maratayan ƙyauren kada damina ta ci su. Ya tambayi abin da ya faru. Na ce aiki.

'Yata kuma na gaya mata shekara ɗaya ce, tana ƙarewa zan tambaye ta, ba faɗa zan yi ba. Ban san abin da zan yi da amsar ba. Idon ba jira yake yi ba, ita ma ba a nan za a bar ta har abada ba, mu duka mun sani. Ta ce to. Wannan karon na tsaya na dubi fuskarta kafin in karɓa.

Ta ba ni labari daga baya cewa da aka sake gwadawa a aji, Basudanen ya nace shi zai riƙe ƙaramin noti, 'yarsa ta riƙe babba. Wai bai yi dariya ba sam.

Katin yana nan cikin kwalin. Na sake dubansa da rana, a kusa da taga, na ga tauraro ɗaya ta zana a saman ƙyauren. Biyu ne. Na ce ta gyara. Ta ce a waya ba ya fitowa sosai, sai ta gani da idonta. Na ce hutu mai zuwa da ke za a tafi, da tikitin dawowa. Ta ce in nuna mata tikitin tukuna.