Ruwan Soda a Kofin Giya

Ka taɓa ƙirga sau nawa abokinka ke maimaita labari ɗaya? A kasuwar birnin Khon Kaen ina kallon wani dattijo mai farin zare ɗaure a hannu. Da alama ya yi alkawari a gidan ibadar Buddha: ba giya har watanni ukun damina su wuce. Yana zuba wa abokansa giya, shi yana shan soda.

"Kawu Chalerm, kurɓi ɗaya mana! Malamin gidan ibada ba ya gani!" in ji wani abokinsa.

"Matata na gani," in ji shi.

Labarin da abokin ke bayarwa na kifin da ya kuɓuce masa ya dawo karo na biyar. Kowa na dariya ban da shi. Ya miƙa hannu wajen kwalba, ya tsaya, ya ɗauki ƙanƙara.

Ni bara, da labarin abokina ya dawo karo na huɗu na karya alkawarina na barin giya. Gwada irin alkawarin bana, ka ƙirga naka.