Waƙar Yaya Lucia da Mutumin Cikin Faifai

Roseline, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Labarin Yaya Lucia ne, Maman Eli, wadda ta daɗe tana ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu a nan Kafanchan. Tun da za ta koma Kwoi wurin ɗanta bayan Kirsimeti, na ce bari a ajiye abin nan a takarda kafin ya ruɓe a cikina.

Ita 'yar Kwoi ce, aure ya kawo ta. Mijinta ɗan reluwe ne, irin masu bin jirgi da guduma suna ƙwanƙwasa ƙafafunsa su ji ko akwai tsaga. Ya rasu shekarar da aka gama yaƙin basasa, ya bar ta da yara uku. Sai ta kafa kasko a hanyar tasha tana soya ƙosai. Ba ta shiga aji ba, kamar ni. Amma kunne! In jirgi ya yi kuka daga nesa, takan gaya miki direban da ke ciki. Waƙa kuwa sau ɗaya take ji, ta zauna mata kamar da ita aka haife ta.

Kaskon nata yana tsakanin shago biyu. A dama Gregory ne, mai gyaran rediyo da sayar da faifai. A hagu Ƙasimu tela, ɗan asalin cikin gari. Abokai ne, da cokali ɗaya suke shan kunu, amma kullum cikin gardama a kan mawaƙa biyu na Amirka, baƙaƙe kamar mu. Sunayensu bakina bai iya ɗauka ba. Mu dai mun sa wa ɗaya Mai Zufa, don a hoton faifansa jiƙe yake sharkaf, baki a buɗe. Ɗayan kuma Mai Sanyi, shi idonsa a rufe.

Gregory na Mai Zufa ne. Yakan ce ba ƙasar da ba a taka rawarsa, daga Legas har wuraren da ba sa jin Turanci ko kalma ɗaya. Ya ce wa Ƙasimu ya duba kekensa, duk wandunan nan masu ƙafa kamar buhu da samari ke kawo masa, albarkacin wa yake ci? Ƙasimu yakan ce wando yayi ne, rawa kuma gwiwa ce, duk tana da ranar ƙarewa. Amma Mai Sanyi in ya buɗe baki, direban tifa ma sai ya tuna uwarsa. In sun gaji sai su ce Mama ta raba su. Ita kuma ta ja ɗankwali ta rufe kunne, ta ce ba ruwanta da waƙar duniya, mai son ƙosai ya matso.

Da damina ta saba'in da biyar ƙyanda ta ɗauke autarta, Emilia. Wata biyu Yaya Lucia ba ta buɗe baki da waƙa ba. Tana zuwa zumunta ta zauna, a miƙa mata caki ta riƙe shi kamar dutse. Sai wata Talata ta miƙe, ta ce da safe tana niƙan wake wata murya ta sauko mata, ita dai ta ga tana yi tana hawaye. Ta fara: "Ka riƙe ni, ƙafata ta gaji, gida da sauran tafiya." Kafin ta kai baiti na biyu mai buga tulu ta kama, mu duka muka amsa kamar mun san ta tun da.

Ranar Lahadi ta ba da shaida gaban ikkilisiya cewa Ubangiji ne ya ba ta. Muka kai waƙar babban taron mata a Kwoi. Daga nan mata suka ƙulle ta a bakin zane, ta tafi Kachia, ta tafi Godogodo, ta shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Ba a jana'izar da ba a yin ta.

Ana nan, Dattijo Leonard ya kai rediyonsa gyara. Tsohon malamin makaranta ne, dattijon coci, mutum mai gaskiya, amma ba ya lanƙwasa. Yana zaune yana jira, Ƙasimu ya leƙo ya ce wa Gregory ya sa masa mutuminsa Mai Sanyi ya huta da ihu. Allura na sauka kan faifai Dattijo ya miƙe. Ya ce a sake. Aka sake. Ya fita ya bar rediyon da sandarsa.

Su Gregory ba su taɓa lura cewa muryar faifan ce ke cikin waƙar Yaya Lucia ba, don ba sa zuwa zumuntar mata, kuma ita ta ja muryar a hankali, ta yi mata nauyi. Amma Dattijo ya ji.

Aka kira ta gaban dattawa bayan sujada. Abin da ke kanta shi ne horo: a sauke ta daga ba da waƙa, ta koma bencin baya, a hana ta jibin Ubangiji. Ga macen da ba ta da miji, ba auta, sai bencin gaba da bakinta, ke ma kin san abin da wannan yake. Ta roƙa in raka ta, na raka.

Dattawa suka ce ba za a kunna faifan otel cikin ɗakin Allah ba, ko cikin shinge ma. Sai aka fitar da benci biyu ƙarƙashin mangwaron da ke wajen shinge, rana tsaka. Gregory ya kawo injin faifansa a ka, da batir, yana ta zufa kamar mutuminsa.

Roseline, ni ban taɓa tsayawa na saurari irin abin nan ba sai ranar. Da farko ƙaraf ƙaraf, kamar ana soya gyaɗa. Sai ganga, sai wasu ƙahoni. Sai mutumin ya shigo. Murya ce siririya, tana hawa kamar hayaƙin safe, ta je can sama inda kika ce za ta tsinke, ba ta tsinke ba, ta sauko a hankali. Kuma hanyar nan ce dai, hanyar waƙarmu. Inda muke hawa nan yake hawa, inda muke nishi nan yake nishi. Mutum yana bayan teku, bai san akwai wani gari Kafanchan ba, bai taɓa cin ƙosai ba, ga shi a gindin mangwaronmu yana kukan Emilia. Na riƙe benci da hannu biyu. Na ce a raina, Uba, duniyarka da faɗi take, kuma ga ta ƙarama.

Dattijo ya tambayi Gregory me mutumin ke cewa. Gregory ya sosa ƙeya, ya ce wata mace ce ta tafi ta bar shi, yana roƙonta ta dawo. Wani dattijo ya yi tsaki. Aka juya ga Yaya Lucia.

Da ta ce kama ce kawai, da akwai masu tsaya mata, ni ce ta farko. Ba ta ce ba. Ta share fuska da bakin zane ta ce:

"Baba, ita ce. Ban sani ba, amma ita ce. Na rufe kunne, ashe ta riga ta shiga."

Sai ta juya ga Gregory: "Ɗana, mutumin nan yana da uwa?"

Gregory ya ce bai sani ba, Mama.

"Wannan kukan ba na mace kaɗai ba ne," in ji ta. "Wani abu ya taɓa mutuwar masa."

Dattawa suka yanke wata uku a bencin baya. Suka ce ba don sata ba, don ta tsaya gaban ikkilisiya ta ce daga sama ne, alhali daga shagon Gregory ne. Waƙar kuma kada a ƙara yin ta. Ni ban ja da dattawa ba, Allah ne ya sa su. Amma na koma gida ina tambaya, wanda ya sa hankaka ya kai wa annabi abinci, faifai ne zai gagare shi?

Ta zauna a baya, kusa da ƙofa, inda masu jarirai ke zama. Ba ta fasa ko Lahadi ɗaya ba. Gardamar shagon ma ta mutu. Ƙasimu ya ce shi ya jawo, ya riƙa sayen ƙosai fiye da cikinsa.

Cikin wata na biyu mahaifiyar Dattijo Leonard ta rasu a Godogodo. Muka cika babbar mota muka tafi, har Gregory da Ƙasimu, don gaisuwa. Yaya Lucia ta tsaya can baya wurin tukwane. Da aka ɗauko akwatin za a kai kabari, sai matan ƙauyuka, waɗanda labarin hani bai kai musu ba, suka ɗaga waƙar. Ba mutum ɗaya ya fara ba, kamar ruwa ne ya sauko daga dutse. Mata sun fi ɗari uku, ga tulu, ga caki, wasu tsofaffi ma sun juye ta cikin yarensu. Mu 'yan Kafanchan muka kama bakinmu muna satar kallon Dattijo.

Ya ɗaga hannu. Na gani da idona. Hannun ya tsaya a sama, ba wanda ya kula, duk ido yana kan akwati. Sai ya sauke shi a hankali ya dafa kan akwatin uwarsa, ya bi su har bakin rami. Leɓensa na motsi.

A hanyar dawowa Ƙasimu ya kasa haƙuri. Ya ce wa Gregory to, yau an raba gardama, ya nuna masa gawa ɗaya da aka taɓa rakawa da ihun Mai Zufa. Gregory ya ce ya yi a hankali, shi ya tambayi wata tsohuwa a wurin wace ce mai waƙar, ta ce ai tsohuwar waƙa ce, tun suna 'yan mata suke yin ta. Ya ce to ina sunan mutuminka a nan? Mai Zufa aƙalla an san fuskarsa. Ƙasimu ya ce gishiri ma ba a ganin fuskarsa a miya. Suna ta yi har Gidan Waya. Yaya Lucia da ke zaune kan buhun citta ta yi dariya, dariyar farko tun rasuwar Emilia. Ta ce, "Tun suna 'yan mata!" Ta yi ta maimaitawa tana share ido.

Da wata uku suka cika, Dattijo da kansa ya tako har bencin baya, gaban kowa, ya ce, "Maman Eli, ki koma wurinki." Ta durƙusa ta gode. Sai ta ce, ƙasa ƙasa, "Baba, waƙar fa?"

Ya ce, "Kunnena ya tsufa, 'yata. Ban ji abin da kika ce ba." Ya juya ya tafi.

Har yau ba a ɗage hanin ba, har yau kuma ba a daina yin ta ba. Ita dai ba ta ƙara ɗaga ta da bakinta ba, sai in wasu sun fara ta amsa tare da kowa. Ta sa Gregory ya koya mata sunan mutumin, kwana uku tana fama. Kullum da safe in tana niƙa tana sa shi a addu'a, bayan Eli da ƙanensa. Gregory ya ce yadda take faɗin sunan, ko uwar mutumin ba za ta gane ba. Ta ce ba uwarsa take gaya wa ba.