Lemuna a Ƙasar Kawun Wani

Ni ɗan Zangon Kumasi ne, jikan fatake. Goro ya kawo kakana ƙasar nan, ubana ya tsufa a bakin kasuwa, ni kuma na ƙare a Suame, unguwar kanikawa, ina sayar da kayan mota: sabo, da tsoho, da wanda Allah kaɗai ya san inda ya fito. Duk zuriyarmu ba wanda ya taɓa riƙe fartanya sai in kabari za a haƙa. Shi ya sa ranar da na ce zan kafa gonar lemu, dariyar da aka yi a layinmu sai da aka jiyo ta a Atonsu, can ɗaya gefen gari.

Ba sha'awa ce ta kai ni ba, ƙirji ne. Hayaƙin Suame ya zauna mini a huhu, har ya zama in na yi tari kanikawa kan miƙo galan, wai kada baƙin mai ya zube a banza. Da na faɗa wa likita haka bai yi dariya ba. Ya ce in ina so in ga auren autata, in nemi inda iska ke da tsabta in koma. To ina ɗan Zango zai koma? Mu ba mu da ƙauye. Arewar da ake cewa can ne asalinmu, in na je ko hanyar masallaci sai an nuna mini. Abin da nake nema bai wuce wurin da zan tsufa ba, in zauna ƙarƙashin itacen da ni na dasa.

Akwai wani dattijo Batone, wato mutumin Asante, da ke zuwa shagona neman kayan tsohuwar motarsa ta ɗaukar lemu. Motar nan ta girmi titin da take bi. Ina kiransa Agya, baba ke nan da Tonanci, shi kuma yana ce mini Kramo, yadda suke kiran kowane Musulmi. Wata rana ya ji tarina ya ce, "Kramo, wannan tari naka ya fi injin motata muni. Zo ka ga garinmu."

Na je. Kwari ne tsakanin tuddai, rafi ya ratsa tsakiyarsa, ko'ina ka duba lemu ne da koko da ayaba. Ƙasar baƙa wuluk, mai laushi, in ka daɗe tsaye wuri guda sai yatsun ƙafarka su fara saiwa. Agya ya zaga da ni wani yanki da ya gangaro daga tudu har bakin rafi, ya ce ƙasar danginsu ce, shi ke riƙe da ita.

"Mu ba ma sayar da ƙasa," in ji shi. "Ka dasa, ka ci, in an tsinka ka kawo rabon gida."

A gaban babban ɗansa da wasu dattawa aka yi maganar. Inda wani zai kawo kwalbar giya ni rago na kawo, Agya ya ce ragon ma ya fi, don kwalba ba ta romo.

Daga nan duk abin da shago ya haifa gona ta haɗiye: dashe, leburori, maganin ƙwari, taki. Lemu ba rogo ba ne, sai ka yi shekaru kana yi masa hidima yana kallonka kamar bai san ka ba. Kowace Lahadi ina can. Hajiya matata ta ce tunda take ba ta taɓa ganin namiji da gemunsa yana hira da itace ba sai ni. Amma da suka fara 'ya'ya kowa ya yi shiru. Na bakin rafi musamman, guda ɗaya in ka matse sai ya shayar da sahu guda na masu buɗa-baki. Na gina ɗan ɗaki a gefen tudu. In na kwana biyu a can tarin nan sai ya kwanta, in yi numfashi har ƙasan ciki kamar yaro.

A shekarun nan ɗan Agya ya zama aminina. Naman layya na farko nasa ne, babur ɗinsa ya lalace ni ne, 'yarsa ta shiga makaranta a Kumasi gidana take sauka. A raina ina shimfiɗa wa gobe tabarma ne: in tsoho ya kau, ga wanda zan yi magana da shi. Akwai wani kuma da nake gani jefi-jefi a gidan, ɗan ƙanwar Agya, mutum marar magana da ke zaune a Atonsu. Tsakanina da shi gaisuwa ce ta tsaye. Cewa Tonawa ta wajen uwa suke gado, wannan ko jaririn Zango ya sani, har tsiya muke yi musu da shi a kasuwa. Amma sanin baki daban, abin da ido ya saba daban. Ni in na ga ɗa zaune kusa da ubansa, magaji na gani.

Agya ya rasu farkon damina. Washegari da sassafe na rufe shago, na sayi goro na tafi. Na zauna da ɗansa, na yi kuka na gaske, don mutumin ya yi mini abin da dangi ba su yi ba. Na tambayi yaushe za a kai shi, ɗan ya ce tukuna, an sa shi a sanyi a asibiti sai dangi sun shirya. Na dawo gida da zuciya ɗaya: na yi ta'aziyya, na sauke nauyi. Mu a Zango mutum ya cika da safe, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta ana tambayar wa ya ɗauki takalmin wa.

Watanni suka wuce, har na daina ganin fuskar Agya in na rufe ido, sai ga saƙo: an sa ranar bikin binne shi, Asabar mai zuwa. Na tafi wurin yayana, malami ne mai makarantar Islamiyya a unguwarmu, na faɗa masa.

"Ka yi musu ta'aziyya?"

"Na yi, Yaya, tun washegari."

"To me ya rage? Kiɗa da rawa da kwalabe, gawa a shimfiɗe an yi mata ado? Kai da furfura a gemu?"

Hajiya kuwa tata daban. "Maigida, ka je. Ko minti kaɗan ka tsaya su gan ka. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski."

Na ce mata mutumin da ya yi wata da watanni a sanyi ba ni zai yi kewa ba, bargo zai yi kewa. Ta kalle ni ba ta yi dariya ba. Asabar ɗin kuma kaya suka iso mini daga tashar jirgin ruwa, shago ya cika da masu saye. Ban je ba, ban aika kowa ba.

Lemu ya nuna a wannan shekarar kamar da gayya, rassa har ƙasa. Na yi ciniki da wata mai sarin lemu, muka ɗauki mota muka tafi tsinka. A bakin gona muka tarar an kafa sanda an ɗaura mata jan ƙyalle. Leburorina suna zaune a gefen hanya, ba wanda ya taka ciki. Mai sarin ta kalli ƙyallen, ta kalle ni, ta ce wa direba ya juya. Ita ta san ma'anarsa: ƙasar da ake magana a kanta, ba a shiga.

Na nufi gidan ɗan Agya ina huci. Ya fito da zane a kafaɗa, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Kramo, ba ni ba ne. Ni a ƙasar nan baƙo ne kamar kai. Gonar da nake ci ma sai da na roƙa."

"Kai da ubanka?"

"Ubana ne, amma ƙasar ta dangin uwarsa ce. Ɗan ƙanwarsa aka ɗora. Bayan binnewa dangi suka zauna suka nuna shi, duk mai cin ƙasar tsoho ya zo ya gaishe shi, aka ce masa wannan wane ne, ga inda yake noma. Da aka zo kanka aka kira, aka sake kira." Ya ɗago ya dube ni. "Na aika maka, Kramo."

Ya aika, gaskiya ne. Ni na ɗauka gayyatar biki ce.

Na sami magajin a gidansa na Atonsu. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa, ya tambaye ni abin da ke tafe da ni kamar yadda suke yi ko sun sani. Na fara da raha, don ita ce makamina tun ina yaro, da ita nake sayar da tsohon kaya a kuɗin sabo. Na ce na zo ne in kai ƙarar wani jan ƙyalle da ya hana tsoho shiga gidansa. Ko gezau.

"Alhaji," ya ce, da Hausarsa ta kasuwa, "ni ban san ka ba."

"Haba, ranka ya daɗe, sau nawa muka gaisa a gidan Agya?"

"Na san fuskarka. Amma mutanen da ke cin ƙasar kawuna duk na gan su ranar da muka binne shi. Har wanda aka ɗauko a kujera don ba ya iya tafiya. Kai da ka fi kowa samun wuri mai kyau, kujerarka ta wuni ba kowa. Mutane suka tambaye ni, ina Kramon da tsoho ke yabo? Me zan ce?"

Na ce na zo tun washegari, na yi kuka.

"Ka yi wa ɗansa kuka. Mu ba mu gani ba."

Na tashi na fito. A makonnin da suka biyo baya nakan je in tsaya a bakin hanya in leƙa. Lemu na faɗuwa tim, tim, yana fashewa, ƙuda da zuma sun taru, warin tsami ya cika kwarin. Abin da na yi shekaru ina reno yana ruɓewa a gabana, tsakanina da shi sanda ɗaya da tsumma. Tarin ya dawo har ya fi da. A shago yara suka daina jirana in ba da labari, don ba na bayarwa.

Ɗan Agya ne ya nuna mini mafita. Ya ce a wajensu wanda ya yi laifi ba ya roƙo da bakinsa, sai ya kama ƙafar babba ya roƙa masa. Babbar kuwa ita ce ƙanwar Agya, uwar magajin, tsohuwa ƙarama da ba ta kai kafaɗata ba amma duk dangin in ta yi gyaran murya sai su nutsu. Na je da rago da turmin baƙin zane, na durƙusa, ni da ƙaton cikina, har gwiwoyina suka yi ƙara kamar tsohuwar ƙofar mota. Ta bar ni a durƙushe ta gama ɓare gyaɗarta.

"Kramo, yayana ya ce kai mutumin kirki ne, surutu ne kawai ya yi maka yawa."

"Gaskiya ya faɗa, Maame."

"Da ka zo ka yi surutun nan ranar, da ba mu kai nan ba."

Ta tara dangi. Aka yi magana mai tsawo da Tonancin manya, wanda rabinsa ya wuce ni duk da a Kumasi aka yanke mini cibiya. Ƙarshenta magajin ya karɓi ragon, ya ce ya yafe rashin zuwan. Na fara hamdala, sai ya ɗaga hannu. Ya ce maganar da na yi da kawunsa ta bi kawunsa. Da an nuna ni ranar, da ya ɗauke ta yadda take, amma yanzu sabuwa za a yi: a raba gonar biyu, rabi nawa in ci har iyakar raina, rabi ya koma hannun dangi. Mai ƙasa kuma shi ke fara zaɓa.

Na dubi tsohuwar. Ta kau da kai. Iyakar abin da za ta iya ke nan.

Ranar rabo aka bi tsakiyar gona ana dasa ɗan itacen da suke shaida iyaka da shi. Ni na riƙe igiyar da hannuna. Magajin bai yi dogon tunani ba, ya nuna ɓangaren rafi. Aka bar mini tudu, da ɗakina, da itatuwan da in rani ya yi sai an yi musu jigilar ruwa. Ya cire jan ƙyallen ya naɗe ya sa a aljihu, ya ba ni hannu, ya ce yanzu ya san ni.

Yayana da ya ji ya ce kayan aro dama ba ya rufe katara, in gode Allah da aka bar mini rabi. Hajiya ba ta ce "na faɗa maka" ba, kuma rashin faɗar ya fi faɗar ciwo. Har yau in na zauna nakan rasa wa zan ba gaskiya. Yayana bai faɗi ƙarya ba. Magajin ma bai zalunce ni a bisa al'adarsu ba. Amma lemun tudu ƙanana ne, masu tsami, ɗaya in ka sha sai ka tuna zunubanka duka, kuma abin da suke kawowa ba zai riƙe gida ba. Saboda haka ban bar Suame ba. Ina nan cikin hayaƙi, ina tari, ina zuwa gona ran Lahadi in zauna a ƙofar ɗakina in kalli gangare.

Kwanakin baya na bi ta Adum, tsakiyar gari, na ga wata mata da tire cike da lemu manya, masu siririn ɓawo, da ɗan tabon nan a gindi da na sani kamar tafin hannuna. Na tambaye ta daga ina, ta faɗi sunan garin, ta ce na bakin rafi ne, ba irinsu a Kumasi.

"Alhaji, ɗanɗana ka ji. Wanda ya dasa wannan ya iya."

Na buɗe baki zan faɗa mata wani abin dariya, ban samu ba. Na ce ta zuba mini a leda, ban ko nemi ragi ba.