Malam Ilya, Maƙerin Kwanson Harsashi na Rillieux

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairun 2025, wadda ta zo daidai da 13 ga Sha'aban 1446, ina fitowa daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a unguwar Belleville ta Paris bayan la'asar sai wayar Ruwaida ta shigo daga Lyon. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Kawu Ibrahim, Baba ya cika ɗazu da azahar." Haka na sami labarin rasuwar mahaifinta, Malam Ilya Mahaman Sani, haifaffen Damagaram, mazaunin Rillieux-la-Pape a arewacin Lyon. Ya rasu yana da shekara saba'in da shida, bayan jinyar ciwon zuciya ta wata huɗu. Ya bar matarsa Hajiya Zouera, da ƴaƴa biyu, Ruwaida da Rayan, da jikoki uku.

Malam, da kana kusa da ka ce in taƙaita, don kai ko huɗuba ce ta yi tsawo sai ka fara duban agogo. Zan yi iyakar ƙoƙarina. Amma mutanenmu da yawa a nan Faransa da "Ilya mai bindiga" kawai suka san ka, wasu da raha suke faɗa, wasu da tsoro, kuma ina ganin ya wajaba a kaina in faɗi abin da na gani da idona cikin shekara goma sha uku da muka yi tare.

Bindiga ce sanadin haɗuwarmu. Kakana ya yi aikin garda, wato dogarin Turawa, a Tasawa zamanin mulkin Faransawa, kuma hotonsa ɗaya tak muke da shi a gida, yana tsaye ba takalmi, riƙe da wata doguwar bindiga da ta kusa kai masa kafaɗa. A 2011, a wata kasuwar tsofaffin kaya da ke bakin Paris, na ga irinta sak a jingine da tebur. Mai sayarwa ya ce sunanta Gras, ƙirar 1874, doka ta ɗauke ta kayan tarihi, amma kada in sa rai da harsashinta, an daina yin sa tun ba a haifi ubana ba. Na saya, na tura ta ƙarƙashin gado. Shekara guda tana nan ban nuna wa kowa ba, domin a gidanmu ba a cika son zancen aikin kakana ba. Alhaji Mamadu, ɗan Chadi mai sayar da turare a Belleville, shi na fara gaya wa. Ya yi dariya ya ce, "Tafi Lyon. Akwai wani ɗan ƙasarku can da ke sa irin waɗannan tsofaffi su yi tari."

Ranar da na zo gidanka, ƙaramin gidan nan da ke gefen dogayen benayen Rillieux, ko kallon jakar ba ka yi ba. Sai da muka ci tuwon Hajiya, ka tambayi mutanen Tasawa ɗaya bayan ɗaya, muka yi azahar, sannan ka ce in kawo ta garaji. Ka buɗe ta, ka ɗaga bakinta wajen taga, ka daɗe kana leƙen cikinta. Ka ce lafiyarta lau. Sai ka tambaye ni ko ina da lasisin harbi, ko ina cikin wani kulob na masu harbi. Na ce a'a. Ka mayar da ita jaka, ka zuge, ka ce, "Ibrahim Khalil, je ka yi rajista. Ka yi wata shida kana koyo da ƙaramar bindiga a hannun masu koyarwa. In har lokacin ranka na so, ƙofata a buɗe take." Na koma Paris raina a ɓace, ina ce wa kaina awa biyu a jirgin ƙasa don tuwo kawai. Bayan wata takwas na dawo da lasisina a hannu.

A garajin nan na gane ko kai wane ne. Jinin maƙera ne kai. Ka zo Faransa a 1973, ka yi shekara talatin da biyar kana sassaƙa ƙarfe da inji a wata masana'anta ta Villeurbanne. Ka nuna mini cewa harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, da ɗan ƙyastun da ke gindinsa, da albarushi, da dalmar da ke fita. Uku daga ciki mai lasisi yana samu a kanti. Kwanson ne ya ɓace daga kasuwa, kuma shi kake yi. Kakan ɗaura sandar tagulla a injinka, ka sassaƙa, ka rarake cikinta, ka auna da ma'aunin da ke gane abin da bai kai kaurin gashi ba, ka sake sassaƙawa. Kwanso ɗaya yakan ci maka rabin yini. Dalmar kuwa ka narka ka zuba a mazubi, ka naɗe kowace ɗaya da ƴar takarda kamar yadda aka yi wa na asali. Bindigogi bakwai gare ka, ba wadda ake sayar da harsashinta, kuma kowace da ɗan littafinta, inda kake rubuta abin da ka ɗura mata da yadda ta karɓa.

Ba ka taɓa ɗura wa wani albarushi ba. Kwanso fanko kake bayarwa, ka koya wa mutum ya auna da hannunsa, ka tsaya a kansa har sai ka yarda da shi. In ana awo ba rediyo, ba hira, kuma gwangwani ɗaya ne a kan tebur. Wata rana Hajiya ta leƙo ta ce abinci ya huce, ba ka ɗaga kai ba sai da ka rufe gwangwanin, sannan ka bi ta ciki ka ba ta haƙuri.

Ranar da bindigata ta fara tashi, a filin harbin kulob ɗinku, farin hayaƙi ya rufe ni, kafaɗata ta yi tsami, ko gefen takardar ban taɓa ba. Maimakon murna sai kakana ya faɗo mini a rai. Na gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, cewa a Tasawa akwai gidajen da har yau ba su manta da garda ba, kuma ban san wa kakana ya nuna da irin wannan bindiga ba. Ka ci gaba da wanke mata ciki da ruwan zafi. Can ka ce, "Kakanka miƙa masa ita aka yi, aka nuna masa inda zai juya ta. Allah ne ya san abin da ke tsakaninsu. Kai da ƙafarka ka je ka ɗauko ta, kuma takarda kake harbi. Ka yi masa addu'a, ka yi wa waɗancan gidajen addu'a, sannan ka gyara riƙonka, gwiwar hannunka ta yi sama da yawa." Da na koma Paris na rataye hoton kakana a falo.

Ƙarshen 2015 ne ya fi yi maka nauyi. Bayan kashe-kashen da aka yi a Paris cikin Nuwamba, kowa ya tsorata da kowa. Wani ya kai ƙara cewa akwai Musulmi mai bindigogi a garaji. Ƴan sanda suka zo da safe, suka duba akwatin ƙarfen da kake kulle su, suka bi takardu ɗaya bayan ɗaya, ba su sami ko ɗigon kuskure ba, suka yi sallama cikin mutunci suka tafi. Wannan bai dame ka ba, ka ce aikinsu suka yi. Maganar namu ce ta sosa maka rai. Dattawan masallaci suka zaunar da kai suka ce ka rabu da kayan nan kada ka jawo wa jama'a. Ruwaida ta yi ta kuka tana roƙonka, don ita ke jin abin da ake faɗi a wurin aikinta. Ba ka yi musu da kowa ba. Ka kulle garaji, ka daina zuwa kulob. Na kira ka a lokacin, na ji muryarka kamar ta wani. Abin da ka ce mini kawai shi ne, "Shekara arba'in da biyu, ko dokar hanya ban taɓa karyawa ba."

Michel ne ya fito da kai. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, abokin harbinka na shekara ashirin. Kowace Lahadi da safe sai ya zo ya tsaya da motarsa a ƙofar gidanka. Ba ya buga ƙofa, ba ya kiran waya, ya karanta jaridarsa awa guda ya tafi. Lahadi goma sha ɗaya yana haka cikin sanyi. A ta goma sha biyu Ruwaida da kanta ta ɗauko makullin garajin ta ajiye maka kusa da kofin shayi, ta ce, "Baba, tsohon nan zai kwanta ciwo saboda kai." Ka dube ta, ka tashi ka sa rigar sanyi.

Bayan wata biyu maƙwabciyarka Bernadette, tsohuwar da kake gyara wa famfo da ƙofa tun mijinta na da rai, ta same ka a bakin gida ta ce ita ce ta kira ƴan sanda. Ka ce mata kowa ya ji tsoro a watan nan, kai ma ka ji, sannan ka tambaye ta ko famfon kicin ɗinta ya daina zuba. A bakinta na ji wannan, ranar zaman makoki. Ko Hajiya ba ta sani ba sai ranar.

Abin da ya shafe ni ni kaina ya faru cikin watan Mayun 2019. Ka aiko mini da sababbin kwanso ashirin. Wata Juma'a da yamma ka gwada ƴan uwansu a taka bindigar irin tawa, ɗaya ya tsage daga gindi, hayaƙi ya feso ta baya, tabarau ne ya tsare maka ido. Ka yanka wani da zarto, ka ga sandar tagullar da ka sassaƙa su da ita tana da ɓoyayyar tsaga a ciki. Ka yi ta kirana ba ta shiga, domin an sace mini waya a metro kwana biyu kafin nan. Ka san ranar Asabar da ƙarfe goma nake harbi. Kana da shekara saba'in, zuciya ta riga ta fara yi maka gargaɗi, ka hau jirgin ƙasa na farko daga Lyon. Ka iso Belleville matata Mariama ta ce na riga na fita. Ka tari taksi zuwa filin harbin da ke bayan gari.

Na harba uku, na huɗu yana hannuna, sai na ji an kira sunana cikakke daga baya. Na juya na gan ka kana haki, hularka a hannu. Ka ce, "Ajiye shi." Sai da ka tattara sauran goma sha bakwai ɗin ka zuba a hula, ka zauna ka sha ruwa, sannan ka yi mini bayani. Da muka koma gida muka zazzage albarushin, ka fito da ɗan zartonka ka yanka biyar a gabana. Biyu suna da tsagar. Na ce ai da ka kira Alhaji Mamadu ya aiko mini. Ka ce, "Ni na sassaƙa su. Kuma saƙo ba ya riƙe hannun mutum." Muka yi muka yi ka kwana ka ƙi, ka ce ka fito Hajiya na barci, gara ka je ka amsa tambayoyi tun da rana.

A 2023 hannunka ya fara rawa. Wata safiya ka ɗura harsashi arba'in, da ka gama sai ka kasa tunawa ko ka daidaita ma'auni kafin ka fara. Ka kwance su duka arba'in ɗin, ka rufe gwangwani, ba ka sake buɗe shi ba. Cikin shekarar ka rarraba bindigoginka ga mutanen kulob da ka yarda da hankalinsu, kowace da littafinta da takardunta cikakku, don kada ka bar wa Hajiya yawon ofisoshi. Har ƙarfinka ya ƙare kana zuwa filin ranar Lahadi, ka zauna a benci kana gyara wa mutane riƙo da baki.

Mun yi maka sutura ranar Juma'a bayan salla, a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta kusa da Lyon, kamar yadda ka yi wasiyya. Ka ce inda mutum ya ci ya sha shekara hamsin, ƙasar wurin ta san shi. Dattawan masallacinku suna sahun gaba, babbansu shi ya ja salla. Can baya Michel da mutum takwas na kulob suna tsaye, hulunansu a hannu, ba su san inda za su sa kansu ba. Da aka sa ka a kabari, Michel ya matso ya raɗa mini cewa su in ɗan kulob ya mutu harbin ban kwana suke yi masa, amma ya san mu ba haka muke yi ba, to me ya kamata su yi? Rayan ya ji, ya miƙa masa shebur ɗin da ke hannunsa. Tsohon ya zuba ƙasa sau uku, ya miƙa wa na bayansa, haka har su tara suka gama.

Allah ya jiƙanka, Malam Ilya. Allah ya gafarta maka kura-kuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi, ya sauƙaƙa maka tambaya, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Allah ya haɗa ka da iyayenka, waɗanda aka binne a Damagaram kana nan ba ka sami zuba musu ƙasa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zouera, wadda ta yi shekara da shekaru tana haƙuri da warin albarushi a wanki. Hajiya, Allah ya ba ki dangana. Ina gaishe da Ruwaida da Rayan da ƴaƴansu, da dangi na Damagaram, da jama'armu ƴan Nijar da Chadi da Kamaru na Lyon da Paris. Michel ba ya jin Hausa, amma Ruwaida ta ce za ta karanta masa wannan da Faransanci, don haka shi ma ina yi masa gaisuwa irin tamu: Michel, sannunmu da rashi, Allah ya ba mu haƙuri.

Mu da muka rage, in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Amin.