Fitila Mai Kai Ƙara

Mma, mahaifiyata, shara take yi a wata kwaleji. Daga unguwarmu Nima take shiga mota da tsintsiyarta ta gida, wai tasu ba ta cin ƙasa. Gwiwoyinta sun fara ba ta wahala ke nan aka yi sabon gini a kwalejin, wanda aka ce ba ya ɓarnar wuta. Rufinsa duk sola, bangonsa huji-huji don iska ta ratsa, fitilunsa kuwa sai sun ga motsi suke kamawa. Mutum ya nutsu, su mutu. Baƙi na ta zuwa kallo suna yabawa. Ni dai na tsani ginin nan, ba na ɓoyewa.

Shugabar masu shara ce ta gano wa fitilun wani amfani. 'Yar layinmu ce, famfo ɗaya muke tarar ruwa, amma tun da aka ba ta makullai ta daina gane mutane. Sai ta kafa kujera a tsakar ginin tana kallon hujin bango. Benen da ya yi duhu, mai shararsa ta zauna ke nan.

Mma kuwa a zaune take salla, a lungun bayan matakala, kuma ba ta iya yi wa Ubangiji gaggawa ba. Kafin ta kai tahiya wuta ta ɗauke.

"Mma, aiki kin zo ko kwana?" in ji shugabar a gaban kowa. "Wuta ba ya ƙarya o. Ya mutu kuma, ki tafi gida."

Aikin nan shi ke riƙe mana ɗaki. Dole Mma ta koyi ɗaga hannu cikin salla tana kaɗawa sama, kamar mai korar ƙuda. Ta san abin da take yi wa sallarta, da kuka ta ba ni labari. Duk da haka aka kore ta, wai ginin ba ya tara datti, mutum biyu sun isa.

Hannun bai bar ta ba. Yanzu a ɗakinmu, tana tsakiyar Fatiha sai ka ga ya tashi da kansa. Yaran gidan suna taruwa a ƙofa suna kwaikwayonta, iyayensu mata na dariya a bayan labule. Rannan shugabar ta zo wucewa, ta leƙo, ta tsaya ta kalla sosai, sannan ta dube ni.

"Ayya, kan Mma ya taɓu ne? Ku kai shi wurin malam mana."