Kawu Bukar da Dogon Yaron Ƙofar Gida

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Gure ya san Kawu Bukar, wan mahaifiyata, ba ya tafiya miƙe. Daga inuwa zuwa inuwa yake bi. In ya nufi kasuwa, sai ya ratsa ta gindin tsamiyar bayan lakwal, wato makarantar boko, ya karkata zuwa jerin dogon yaron bakin asibiti, ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon ganye kamar mai duban wata. Tafiyar da yaro zai gama kafin shayi ya tafasa, shi sai ta cinye masa hantsi.

Ranar sunan jikansa na fari ma bai fasa ba. An yi addu'a, an raba goro, mutane na neman takalmansu, sai ga shi tafe. Babban ɗansa Sani ya tare shi.

"Haba Baba! Ina ka tsaya?"

"Kurnar gidan mai unguwa ce ta yi sabon toho. Yaron nan gobe ma yana nan da sunansa. Toho kuwa kwana nawa ne?"

Ba shi da rowar abinci, amma a kan ruwa kam ba ya da mutunci. Dokar gidansa ita ce alwala sai a gindin dashe. Wani baƙo daga Gidigir da bai san dokar ba ya tsuguna ya yi tasa a kan rairayi. Kawu ya jira mutumin ya tashi, ya zo da ƙwarya ya kwashe jiƙaƙƙen rairayin tas, ya kai gindin wata 'yar magarya ya juye.

"Malam," in ji shi, "ladar taka ce, ba mai taɓa maka. Ruwan dai nawa ne."

Matarsa Inna Fanna takan ce masa, "Kai da gawo uwarku ɗaya. Kowane icce na ganye da damina, ku sai da rani." Shi kuwa yabo ya ɗauke ta, har yakan maimaita wa baƙi.

Rigimar gaske a kan dogon yaron ƙofar gida aka yi ta. Da hannunsa ya dasa shi tun yana saurayi, ya girma ya baje har inuwarsa na rufe rabin titi. Da bazara, in gari ya ɗauki wuta, ganyensa shar kamar an wanke. Sai dai saiwarsa ta shiga ƙarƙashin ɗakin Kawu, ta tsaga bango. Sani ya kirawo mai gatari. Suka tarar da tsohon ya shimfiɗa buzu a gindin, ya jingina.

"Baba, ɗakin nan zai faɗo maka."

"Tsakanin bangon da iccen, wa ya riga wani zuwa?"

"Iccen."

"To, wanda ya zo daga baya shi ke matsawa."

Haka kuwa aka yi. Aka rushe bango aka matso da shi ciki, ɗakin ya tsuke har gado ya ƙi shiga. Kawu ya koma tabarma yana murna. Sani ya ce da ni, "Ƙyale shi, ai wata rana…" Bai ƙarasa ba, amma tsohon ya ji, ya kuma gane cewa ranar da ya kwanta dama, gatari zai dawo.

Ba a jima ba muka ga yana jido duwatsu. Ya jera su a gindin iccen suna fuskantar alƙibla, ya zuba farin rairayi, ya ajiye randa da butoci. Sannan ya je wajen liman.

"Allah ya gafarta Malam, zafin kwanon masallaci ya yi wa tsofaffi yawa. A gwada la'asar a wajena, yau kaɗai."

Yau kaɗai ɗin nan ba ta ƙare ba. Tsofaffi suka ɗanɗana sanyi suka ƙi komawa. Mu dai cewa muka yi tsufa ya ƙara wa Kawu ibada.

Da bazara ya rasu, a gindin iccen kuma aka yi zaman makoki. Bayan an share makoki, Sani ya sake ɗauko mai gatarin, ina biye da su. Muka tarar da sahu cike. Liman ya yi sallama, ya waiwayo, ya dubi gatarin.

"Sani, lafiya da gatari a masallaci?"

Sani ya sosa ƙeya. "Sallah muka zo, Malam."

Mai gatarin ya jingine gatarinsa, ya ɗauki buta, ya tsuguna ya yi alwala. Ruwan ya gangara gindin dogon yaron. Sani ya raɗa mini, "Kai! Tsohon nan tun yana da rai ya gama da mu."

Bana bangon ya sake tsagewa. Sani da kansa ya kira magina suka matsar da shi, ba wanda ya ce masa kanzil. Ni ma yanzu in zan je kasuwa, nakan tsinci kaina a gindin tsamiyar bayan lakwal, kuma a nan nake jin kewarsa.

Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya sanyaya makwancinsa. Ya sa shi a inuwarsa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Amin.