Mai Tafiya da Baya a Tasha

A tashar mota wata mata tana tafiya da baya. Waya ɗaya na hannunta, ɗayar kuma ta ɗaure ta a jikin turken rumfa da igiyar caja. Tabarau ya zamo mata har kan hanci. Duk wanda ta taka sai ta yi masa bayani: manhaja take haɗawa, wadda za ta miƙa tikiti daga wayar fasinja zuwa ta direba ta Bulutut, wato haɗin waya da waya na kusa, ko babu sabis. Da yamma shugaban tasha zai duba, in manhajar ta ƙi aiki a ba wani kwangilar.

Ina jin a ɗakinta, inda babu kowa, lafiya lau take aiki. A nan kuwa sai yankewa.

Ta hango wani ƙaton direba.

"Kawu, don Allah tsaya tsakanin wayoyin nan."

Yana tsayawa haɗin ya yanke, yana matsawa ya dawo. Fuskarta ta washe.

"Ashe jikin mutum ke tarewa. Kai ne matsalar, Kawu."

Ya shafa tumbinsa. "To 'yata, wayar za ki gyara. Wannan tumbin dai matata ta daɗe tana fama da shi, bai ragu ba."